Lewis Fry Richardson

Lewis Fry Richardson (11 ga Oktoba, 1881 – 30 ga Satumba, 1953) masanin lissafi da kimiyyar yanayi ne ɗan ƙasar Birtaniya. Shi ne ya fara gwada hasashen yanayi ta hanyar lissafi zalla, tun kafin a ƙera kwamfuta. Dabarunsa na cikin tushen hanyoyin da ake bi a yau wajen kwaikwayon motsin iska da ruwa a kwamfuta.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Newcastle da ke arewacin Ingila, shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai. Iyayensa 'yan ɗariƙar Quaker ne, wadda ta haramta wa mabiyanta yaƙi, kuma sana'ar gidansu jima ce. Ya yi karatu a makarantar Bootham da ke York, sannan ya kammala digiri a Jami'ar Cambridge a 1903. Ya auri Dorothy Garnett a 1909.

Dabarar raga

Ƙa'idojin lissafi da ke bayyana motsin iska da ruwa ba sa warwaruwa kai tsaye sai a 'yan lokuta kaɗan. Richardson ya ga cewa za a iya raba wurin da ake nazari zuwa ƙananan gidaje kamar idon raga, a lissafa abin da ke faruwa a kowane gida daga na maƙwabtansa, sannan a matsa gaba a lokaci kaɗan-kaɗan. Ya fara amfani da wannan hanya wajen auna nauyin da ke kan bangon madatsar ruwa.

Ya kuma nuna cewa idan aka yi lissafi sau biyu, da raga mai manyan idanu da kuma mai ƙanana, bambancin amsoshin biyu zai nuna girman kuskuren, har a iya rage shi. Wannan dabara tana ɗauke da sunansa har yau.

Hasashen farko

A 1913 ya zama shugaban tashar nazarin yanayi ta Eskdalemuir a Scotland. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙi ɗaukar makami, sai ya tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa daga 1916 zuwa 1919. A lokutan hutunsa ya lissafa da hannu hasashen awa shida na ranar 20 ga Mayu, 1910, a tsakiyar Turai. Aikin ya ci kimanin mako shida, kuma amsar ba ta yi daidai ba: ta nuna matsin iska zai ƙaru da miliba 145, alhali kusan bai canza ba. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa hanyar tana da kyau, matsalar tana cikin alkaluman farko da ba a tace ba.

Duk da haka ya wallafa aikin a littafinsa Weather Prediction by Numerical Process a 1922, inda ya ƙiyasta cewa sai mutum 64,000 sun yi lissafi tare kafin hasashe ya riga yanayin duniya sauri.

Ƙarshen rayuwa

A 1920 ya ajiye aiki bayan an mayar da hukumar yanayi ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da sojan sama. Ya koma koyarwa a Landan, sannan ya shugabanci kwalejin fasaha ta Paisley daga 1929 zuwa 1940. Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita wajen nazarin musabbabin yaƙe-yaƙe ta hanyar lissafi. Ya mutu a Kilmun, Scotland.

Tasirinsa

A 1950, Jule Charney da John von Neumann da abokan aikinsu sun yi hasashen yanayi na farko da kwamfutar ENIAC a Amurka. A 1984 Marsha Berger da Joseph Oliger suka fito da tsarin raga mai daidaita kanta: kwamfuta tana ƙanƙanta idanun ragar a inda motsi ya yi tsanani kawai, ta bar sauran wuraren da manyan idanu don rage aiki. Da dabarar Richardson ta auna kuskure suka riƙa gano inda ya kamata a ƙanƙanta. Hasashen ruwan sama da hukumomi irin su NiMet ta Najeriya ke fitarwa ya dogara da irin lissafin da ya fara da hannu.