Zubairu Ɗan Awwam Da Harkar Filaye

'Yan uwa masu harkar filaye, labarin Zubairu (RA) nake yawan ba ku. Da takobi muka san shi, amma gida 11 gare shi a Madina, 2 a Basra, ɗaya a Kufa, ɗaya a Masar. In an kawo masa ajiya, sai ya mai da ita bashi a kansa, gudun kada mai ita ya yi asara.

Ya yi shahada shekara ta 36 bayan Hijira, ba tsabar kuɗi ko dirhami, ga bashin miliyan 2 da dubu 200. Filin Algaba da ya saya dubu 170, ɗansa Abdullahi ya sayar miliyan 1 da dubu 600. Abin da ya fi taɓa ni, shekara huɗu Abdullahi yana cigiyar masu bin bashi a lokacin Hajji kafin ya yarda a raba gado.