Scott de Martinville: Mutumin da ya fara naɗar muryar ɗan Adam, ya mutu bai taɓa jin ta ba

Idan aka tambayi wanda ya fara naɗar murya a duniya, yawancin mutane Thomas Edison na Amurka za su ambata. Sai dai shekara 17 kafin na'urar Edison ta 1877, wani Bafaranshe mai suna Édouard-Léon Scott de Martinville ya riga ya kama muryar mutum a kan takarda.

An haife shi a birnin Paris ranar 25 ga Afrilun 1817. Sana'arsa ita ce aikin ɗab'i: yana jera haruffa, yana kuma duba kurakurai a littattafan kimiyya kafin a buga su. Ya damu da yadda za a rubuta magana cikin saurin da take fita daga baki, har ya wallafa littafi a kan tarihin rubutun gaggawa a 1849.

Yana cikin duba wani littafi mai bayanin yadda kunne ke aiki ne dabara ta faɗo masa: a ƙera na'urar da za ta kwaikwayi kunne. Ya haɗa wani babban mazurari da siririyar fata mai kama da dodon kunne, ya maƙala mata tsinke. Idan aka yi magana cikin mazurarin, fatar ta girgiza, sai tsinken ya yi zane a kan takardar da aka turara da baƙin hayaƙin fitila. Ya kira ta phonautograph, ya yi mata rajista a watan Maris na 1857.

Burinsa shi ne mutane su koyi karanta waɗannan zane-zane da ido kamar yadda ake karanta wasiƙa. Bai tanadi hanyar mayar da su sauti ba, kuma karanta su da ido ya gagari kowa. Masana suka yi amfani da na'urar wajen nazarin sauti, shi kuwa bai samu wani abin kirki ba. Daga baya ya koma sayar da littattafai.

Da aka nuna na'urar Edison a Paris a 1878, mai naɗar murya ta kuma maimaita ta, duniya ta ɗauka. Abin ya yi wa Scott ciwo. A shekarar ya buga littafi yana kare aikinsa, yana neman kada a manta da sunansa. Ya rasu ranar 26 ga Afrilun 1879, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 62.

Takardunsa suka zauna a ma'ajiyoyin Paris har 2008, lokacin da masu bincike na ƙungiyar First Sounds suka ɗauki hotonsu, aka yi amfani da kwamfuta aka mayar da zanen sauti. Sai ga murya tana rera wata tsohuwar waƙar Faransa, wadda aka naɗa ranar 9 ga Afrilun 1860.

Da farko an zaci muryar mace ce ko ta yaro, domin an kunna ta da saurin da ya ninka na asali. Da aka gyara saurin, sai ta fito muryar namiji, kuma masu binciken na ganin ta Scott ce da kansa.

A 2015, hukumar UNESCO ta sanya waɗannan takardu cikin kundinta na muhimman abubuwan tarihin duniya.