Jean-François Millet da Zanen Matarsa Pauline

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin hoton nan na mutum da matarsa suna tsaye a gona da yamma, sun sunkuyar da kai suna addu'a, ga kwandon dankali a ƙasa. Wanda ya zana shi Bafaranshe ne mai suna Jean-François Millet (ana furta sunan Mile). Amma akwai wani zanensa na ƙuruciya da ba a cika sani ba, wanda a ganinmu shi ne ya fi nuna irin mutumin.

An haifi Millet ran 4 ga Oktoba 1814 a Gruchy, wani ɗan ƙauye a bakin teku a arewacin Faransa. Iyayensa manoma ne, shi ma ya yi shuka, ya yi girbi, ya kwashi taki. Limaman cocin ƙauyen suka koya masa Latin, kakarsa kuma mace ce mai yawan addu'a. Da uban ya ga yaron ya iya zane, sai ya kai shi birnin Cherbourg a 1833 domin ya koyi sana'ar. Ba ƙaramin abu ba ne manomi ya saki babban ɗansa namiji daga gona. Uban bai ga amfanin abin ba, gama ya rasu a 1835.

A 1837 hukumar birnin ta ba shi tallafin karatu zuwa Faris, inda ya zauna a ƙarƙashin wani shahararren malami, Paul Delaroche. Zaman bai yi daɗi ba. Cikin shekara biyu aka yanke tallafin, aka kuma ƙi zanen farko da ya aika babban baje kolin Faris da ake kira Salon. Ya koma Cherbourg yana zana fuskokin mutane domin ya sami abinci. Har majalisar birnin ta sa shi ya zana tsohon magajin garinsu da ya riga ya mutu, da ya gama suka ce bai yi kama da shi ba.

A cikin wannan hali ne ya auri Pauline Ono, 'yar wani tela, a 1841. Ya zana ta da fentin mai tun farkon aurensu, cikin shuɗiyar riga, gashinta baƙi a gyare, yarinya mai natsuwa. Suka tafi Faris, inda talauci da sanyi suka tarbe su, tarin fuka kuma ya kama ta.

Wajen 1843 zuwa 1844 ya sāke zana ta, kuma wannan ne zanen da muke nufi. Babu ado a ciki. Tana sanye da kayan zaman gida, da ɗankwali a kai, fuskar ta koɗe, idanu sun yi zuru-zuru irin na wanda ciwo ya daɗe yana ci. Mu tuna cewa aikin mai zanen fuska a zamanin nan shi ne ya ƙara wa mutum kyau, domin abin da ake biyansa ya yi ke nan, Millet kuwa ya iya. Yana da iko ya mayar wa matarsa da kumatunta da ɗan fenti kaɗan. Bai yi ba. Ya zauna a gabanta kwana da kwanaki, gama fentin mai ba ya saurin bushewa, yana kallon abin da kowane miji zai so ya kau da kai daga gare shi, ya sa shi a kan ƙyalle yadda yake. Pauline ta rasu cikin Afrilu 1844, shekarunta ashirin da 'yan kai, ba su haihu ba.

Daga baya ya zauna da Catherine Lemaire, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara. A 1849 cutar kwalara ta kore su daga Faris zuwa ƙauyen Barbizon, nan ya zauna kusan duk sauran kwanakinsa. Nan ne ya juya ga mutanen da ya tashi a cikinsu. Ya zana mai shuka a 1850, sa'an nan Rut da Bo'aza a wurin masu girbi, ya sa musu tufafin manoman Faransa. A 1857 ya nuna zanen mata uku masu kala, sun duƙa suna tsintar zangarniyar alkama da ta rage bayan girbi, ga tarin amfanin mai gona can nesa a bayansu. Masu arzikin Faris da dama suka ji haushi, suka ɗauka yana zuga talakawa ne, domin juyin juya halin 1848 bai bar zukatansu ba. Mu dai abin da muke gani shi ne idon nan da ya ƙi yi wa Pauline ƙarya ya ƙi yi wa bayan matan nan ƙarya. Duk wanda ya taɓa yin kala ya san inda ke ciwo.

Zanen masu addu'a a gona, wanda ake kira Angelus, ya gama shi a 1859. Ya bayyana cewa kakarsa ya tuna, wadda takan tsai da su daga aiki in ƙararrawar coci ta kaɗa. Girma ya zo masa a makare: gwamnati ta ba shi lambar yabo a 1868. Aka ɗaura aurensa da Catherine a coci cikin Janairu 1875, ya rasu ran 20 ga wannan watan.

A 1889 aka yi gwanjon Angelus a kan faran 553,000, zanen da shi ya sayar a kan faran dubu ɗaya. Yana gidan tarihin Orsay a Faris tare da masu kala. Zane-zanen Pauline kuwa suna Cherbourg, a gidan tarihin Thomas Henry, cikin birnin da majalisarsa ta taɓa ƙin aikinsa.