Bishop Melchior de Marion Brésillac: Ya Shuka, Bai Ga Tsiro Ba

'Yan'uwa cikin Kristi, da wuya a sami ɗan Katolika a arewacin Nijeriya wanda bai taɓa jin labarin Fada-fada na SMA ba, wato Ƙungiyar Mishan ta Afirka. Su ne suka yi wa kakannin da yawa daga cikinmu baftisma, suka gina majami'u da makarantu a ƙasar Filato da ta Kaduna, suka kuma horar da katekis na farko. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san mutumin da ya kafa ƙungiyar. Makonni shida kacal ya yi a filin aikinsa na Afirka, ya mutu bai gina majami'a ko ɗaya ba. Mun ga ya dace mu ba da labarinsa domin waɗanda suka gaji da aikin Ubangiji, suna tambaya a zuci ko Allah ya manta da su.

An haifi Melchior de Marion Brésillac ran 2 ga Disamba 1813 a garin Castelnaudary, a kudancin Faransa. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar. Gidansu gidan daraja ne tun asali, amma juyin juya halin Faransa ya raba su da yawancin dukiyarsu, don haka mahaifinsa ne ya koyar da shi karatu a gida. A 1832 ya shiga seminari a Carcassonne, aka naɗa shi firist ran 22 ga Disamba 1838, aka kuma mai da shi garinsu ya zama mataimakin Fada a majami'ar Mika'ilu Mai Tsarki.

Da ya so hutu, da ya samu, gama yana cikin danginsa, jama'a kuwa suna ƙaunarsa. Amma zuciyarsa ta riƙa jan sa zuwa ƙasashen da bishara ba ta kafu ba. Bishop ɗinsa bai yarda nan da nan ba, mahaifinsa kuma ya ƙi sam. A 1841 ya bar gida ba tare da ya yi sallama da iyayensa baki da baki ba, sai wasiƙa ya bar musu. Wannan ne gicciyensa na farko. Daga baya mahaifin ya sauko ya sa masa albarka. Ya shiga Ƙungiyar Mishan ta Ƙasashen Waje a Paris, ran 24 ga Yuli 1842 kuwa ya sauka a Pondisheri, a kudancin Indiya.

A Indiya ya koyi harshen Tamil, ya yi aiki a yankin Salem, sa'an nan aka ba shi shugabancin seminari a Pondisheri. Tun daga lokacin abu guda ya kafu a ransa: Ikilisiya ba za ta yi saiwa a wata ƙasa ba sai 'ya'yan ƙasar sun zama firistoci, har su zama bishop-bishop, su riƙe al'amuranta da kansu. A ganinsa ɗan mishan baƙo ne da ya zo ya share fili ya ba masu gida. Ran 4 ga Oktoba 1846 aka keɓe shi bishop yana da shekara 32, aka danƙa masa yankin Koyimbatur, inda ya buɗe seminari domin samarin ƙasar.

A nan ne wahala ta biyu ta same shi, ta kuwa fi ta farko nauyi. A Indiya akwai tsarin da ke raba mutane aji-aji tun daga haihuwa, har ana ɗaukar waɗansu kamar marasa tsarki waɗanda ba a cin abinci da su. Wannan bambanci ya bi Kirista har cikin majami'a. Akwai kuma al'adun gargajiya da 'yan mishan suka daɗe suna gardama a kansu, ko sun dace da bangaskiya ko ba su dace ba. Waɗansu suna ganin a yi haƙuri da su kada jama'a su watse, waɗansu suna ganin haƙurin ya wuce iyaka. Lamirin Bishop Brésillac bai ba shi kwanciyar rai ba. Ya roƙi Roma ta yanke hukunci bayyananne wanda kowa zai bi, amma amsar da yake jira ba ta zo yadda ya so ba. Waɗansu abokan aikinsa ma ba su goyi bayansa ba. Da ya ga ba zai iya shugabanci da zuciya biyu ba, sai ya nemi a sauke masa nauyin. Ya tafi Roma a 1854, a 1855 kuwa aka karɓi murabus ɗinsa.

Mu tsaya mu dubi halin da ya shiga. Ga mutum ɗan shekara 41, bishop ne amma ba shi da garke. Shekara 12 da ya yi a Indiya sun ƙare cikin rashin jituwa. A idon mutane da yawa ya kāsa. Wani a matsayinsa sai ya koma gida ya zauna da ɗacin rai, yana ƙirga laifin waɗanda ba su fahimce shi ba. Shi kuwa ya keɓe kansa na ɗan lokaci wurin 'yan zuhudun Kafushin a Versailles, yana addu'a, daga nan ya sake miƙa kansa ga Roma, yana roƙo a aike shi wurin mutanen Afirka waɗanda aka fi yi watsi da su. Wani ɗan kasuwa na Marseille mai ciniki a gaɓar Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau, ya ba shi labarin ƙasar, sai ransa ya kwanta a kanta.

Niyyarsa ita ce ya tafi da abokai biyu ko uku. Amma Monsinyo Barnabò na ofishin yaɗa bangaskiya a Roma ya ba shi shawara ya fara kafa ƙungiya tukuna, domin in waɗanda suka tafi suka mutu, a sami masu maye gurbinsu. Wannan ya jinkirta tafiyarsa, ya kuma ɗora masa aikin da bai nema ba, amma ya yi biyayya. Ya zaga Faransa gari-gari yana wa'azi, yana neman taimako da masu ba da kansu. Ran 8 ga Disamba 1856, ranar idin Budurwa Maryamu wadda aka ɗauki cikinta ba tare da zunubin asali ba, ya hau tudun Fourvière a birnin Liyon tare da abokai shida, suka miƙa kansu ga aikin Afirka a ɗakin sujada na Uwargijiyarmu. Ranar ce aka haifi SMA.

Sai kuma aka rufe masa wata ƙofa. Roma ta ga Dahome tana da hatsari ƙwarai a lokacin, don haka a 1858 ta ba shi Saliyo a maimakonta. Ba ƙasar da ya roƙa ba ce, ba kuma ita ya yi shekaru yana shiri dominta ba, duk da haka ya karɓa. Ya fara aika Fada Louis Reymond da Fada Jean-Baptiste Bresson da Burada Eugène, suka isa Firitawun a watan Janairu 1859. Kafin shi kansa ya tashi, ya bar gidan Liyon a hannun Fada Augustin Planque, ya kuma gargaɗe shi cewa ko da teku ko ciwo sun cinye su, kada a bar aikin ya mutu.

Ran 14 ga Mayu 1859 jirginsa ya iso Firitawun, yana tare da Fada Louis Riocreux da Burada Gratien. Suka tarar da annobar zazzaɓin shawara tana kashe mutane a garin. A zamanin ba wanda ya san sauro ne ke yaɗa ciwon, ba rigakafi, ba magani. Kyaftin ɗin jirgin ya yi ƙoƙari ya hana shi sauka, amma bishop ya nuna masa cewa nan ne garkensa, ba kuwa zai tsaya a kan ruwa 'ya'yansa suna cikin hatsari a tudu ba.

Abin da ya biyo baya yana da nauyin faɗa. Fada Riocreux ya rasu ran 2 ga Yuni, Fada Bresson ran 5, Burada Gratien ran 13. Aka sa Burada Eugène a jirgi aka mai da shi Faransa, shi kaɗai ne ya tsira. Saura bishop da Fada Reymond, dukansu biyu a kwance. Fada Reymond ya lallaɓa, da ciwon a jikinsa, ya ba bishop ɗinsa sakramenti na ƙarshe. Ran 25 ga Yuni 1859 Bishop Brésillac ya cika, yana da shekara 45. Ba firist ɗin Katolika da zai iya tsayawa a bakin kabarinsa, sai wani limamin Furotesta ne ya yi addu'a a kansa, abin da ya kamata mu riƙa tunawa da godiya. Bayan kwana uku Fada Reymond ya bi shi.

In da a ce an rufe littafin a nan, me za mu ce? Mutum ya bar iyayensa, ya bar Indiya cikin baƙin ciki, an hana shi ƙasar da ya roƙa, ya ga 'ya'yansa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya bi su. Ba wata alama da Allah ya nuna masa a gadon mutuwa cewa wahalarsa za ta haifi wani abu. Abin da yake da shi kawai shi ne sanin cewa wanda ya kira shi mai aminci ne.

Labarin ya isa Liyon, inda Fada Planque, mai shekara 33, yake tare da 'yan ɗalibai kaɗan. Da ya rufe gidan, ba wanda zai zarge shi. Amma ya tuna da gargaɗin da aka bar masa, Paparoma Pius na 9 kuma ya sa wa aikin albarka ya ci gaba. A nan ne hikimar shawarar nan ta Roma ta bayyana: ƙungiyar da bishop bai yi niyyar kafawa ba, ita ce ta hana aikin mutuwa tare da shi. Sai ga shi an ba SMA Dahome ɗin da aka hana mai kafa ta. Ran 18 ga Afrilu 1861 Fada Francesco Borghero da Fada Francisco Fernandez suka sauka a Wida. Abokin tafiyarsu na uku, Fada Louis Edde, ya rasu a hanya, a Firitawun. Daga Wida aikin ya kai Legas, a 1884 ya kai Lakwaja, sa'an nan ya kafu a Asaba. A 1876 Fada Planque ya kafa ƙungiyar Sistoci ta OLA domin ilimin mata da kula da marasa lafiya. Da yawa daga cikin waɗanda aka aiko a shekarun nan sun mutu da ƙuruciyarsu, amma ba a daina samun masu maye gurbinsu ba.

Ran 12 ga Fabrairu 1907 Fada Oswald Waller da Fada Joseph Mouren da Fada Ernest Belin suka iso Shendam, a ƙasar Goemai. Fada Planque ya rayu har ya kai wannan shekara, ya rasu a watan Agusta. Aikin Shendam ma bai yi sauri ba, an sha ciwo da jira, amma daga can ne Ikilisiyar Katolika ta bazu a wannan yanki namu. A 1920 aka naɗa Fada Paul Emecete a Asaba, ɗan Nijeriya na farko da ya zama firist na Katolika a cikin ƙasar a wannan zamani na mishan. A 1953 Jos da Kaduna suka zama dayosis, a 1959 kuwa, shekara 100 cif bayan mutuwar da aka yi a Firitawun, Kaduna ta zama babbar dayosis. A 1974 Bishop Gabriel Ganaka ya karɓi Jos, a 1975 Babban Bishop Peter Jatau ya karɓi Kaduna. Abin da Bishop Brésillac ya yi fama dominsa a Indiya, wato 'ya'yan ƙasa su riƙe Ikilisiyarsu, ya tabbata a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

A 1928 aka kwashe ƙasusuwansa daga Firitawun aka kai Liyon. A watan Mayu 2020 Paparoma Francis ya amince cewa ya yi rayuwar bangaskiya da sa zuciya da ƙauna ta jaruntaka, wanda mataki ne a hanyar da Ikilisiya take bi kafin ta ambaci mutum waliyyi.

'Yan'uwa, ba mu kawo wannan labari don mu ce duk wanda ya jimre zai ga sakamako da idonsa ba. Bishop Brésillac bai gani ba. Musa ma daga kan dutse ya hangi ƙasar alkawari, bai shiga ba. Abin da labarin yake koya mana shi ne, ba a auna amincin Allah da tsawon ran mutum ɗaya. Mu muna ƙirga makonni shida, shi yana ƙirga tsararraki. Ko ƙofofin da aka rufe wa bawansa ma, da su ya yi aiki: da bai bar Indiya ba, da ba a kafa SMA ba, da an bar shi ya tafi da abokai biyu kamar yadda ya so, da aikin ya shiga kabari tare da su.

Akwai a cikinmu katekis da ya yi shekaru a ƙauye, masu zuwa sujada ba su ƙaru ba. Akwai uwa da take ta addu'a domin ɗan da ya bar hanya. Akwai jama'ar da aka rushe musu majami'a, suna tunanin ko akwai amfanin sake ɗora tubali. Akwai wanda ya yi aiki da gaskiya, 'yan'uwansa na cikin Ikilisiya suka yi masa mummunar fahimta. Ba za mu ce musu wahalar ƙarama ce ba, gama ta bishop ɗin nan ma ba ƙarama ba ce. Amma muna roƙonsu su yi abin da ya yi: su kai kukansu gaban Ubangiji, su karɓi aikin da ke gabansu ko da ba shi suka zaɓa ba, su kuma shirya wanda zai ɗauka a bayansu. Duk ranar Lahadi da muka taru don Misa cikin harshenmu, a bayan firist ɗan ƙasarmu, mu ne amsar addu'ar mutumin da ya mutu bai ji amsa ba.

Bari mu tuna da shi da abokansa huɗu ran 25 ga Yuni. Allah mai aminci, wanda bai bar wahalarsu ta tafi a banza ba, ya ba mu ƙarfin tsayawa a inda ya ajiye mu, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.