Lord Shaftesbury, Ɗan Sarautar da Ya Tsaya wa 'Ya'yan Talakawa

Yau za mu duba rayuwar wani bawan Allah na ƙasar Ingila, Anthony Ashley-Cooper, wanda duniya ta fi sani da Lord Shaftesbury. An haife shi a Landan ranar 28 ga Afrilu 1801, shi ne kuma mutum na bakwai da ya riƙe sarautar gidansu, wadda Turawa suke kira Earl.

Gidan tsohon gida ne. Sarki Charles na Biyu ne ya naɗa na farkonsu a 1672, ya kuma ba shi shugabancin alƙalan ƙasa. Daga baya suka ɓata, ya tsere zuwa Holan, can ya mutu a 1683. Na ukunsu masanin falsafa ne. Uwar wannan da muke magana a kansa kuwa 'yar gidan sarautar Marlborough ce.

Da irin wannan asali sai mu ɗauka yaron ya tashi cikin gata. Ba haka ba ne. Mahaifinsa mutum ne mai tsanani, mahaifiyarsa kuma hankalinta yana wajen bukukuwan manya. Wadda ta rungume shi ita ce wata mai aikin gidan, Maria Millis. Ita ta riƙa ba shi labaran Littafi Mai Tsarki, ita ta koya masa addu'a. Ta rasu yana ƙarami, ta bar masa agogonta na zinariya, da shi ya yi ta amfani har tsufansa. Ya yi karatu a Harrow da jami'ar Oxford, ya shiga Majalisar Wakilai a 1826 yana da shekara 25.

Aikinsa na farko a kan masu taɓin hankali ne. A lokacin nan akan ɗaure su da sarƙa, su kwana kan ciyawa kamar dabbobi. Ya shiga gidajen ya gani da idonsa, ya taimaka aka yi doka a 1828, daga 1845 kuma ya shugabanci hukumar da ke duba gidajen har mutuwarsa.

A 1833 ya ɗauki maganar yaran da ke aiki a masaƙu, yana neman kada aikinsu ya wuce awa 10 a yini. Masu masaƙu suka taso masa, aka yi ta ja har shekara 14. Abin mamaki, da dokar ta tabbata a 1847 ba ya majalisa, don ya sauka daga kujerarsa a 1846. Abokin gwagwarmayarsa John Fielden ne ya kai ta gaci.

Batun ramukan haƙar kwal ya fi wannan muni. Binciken da ya nema a yi ya nuna yara 'yan shekara biyar ko shida suna zaune su kaɗai cikin duhu tun safe har dare suna buɗe ƙofofin iska, 'yan mata kuma suna rarrafe da sarƙa a ƙugu suna jan amalanken kwal. Da rahoton ya fito a 1842 hankalin ƙasar ya tashi. A shekarar aka yi dokar da ta hana sa mata, da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, aiki a ƙarƙashin ƙasa. Yaran da ake cusawa cikin bututun hayaƙi na gidaje su share shi kuwa, sai a 1875 ya samo musu dokar da ta yi aiki.

Muƙaman gwamnati ba su dame shi ba. Ya yi ɗan aiki a hukumar kula da Indiya da ta jiragen ruwan yaƙi, amma da firaminista Palmerston, mijin surukarsa, ya yi masa tayin kujerar minista a 1855, sai ya ƙi. Shawararsa dai Palmerston ya riƙa nema wajen naɗin bishop-bishop. Inda ya ba da ƙarfinsa shi ne makarantun kyauta na yaran titi, waɗanda ya shugabanci ƙungiyarsu tun 1844, da kuma Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya, wadda ya shugabanta daga 1851 zuwa 1885. A nan labarinsa ya taɓo mu, gama ƙungiyar nan ce ta buga mana cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Ba za mu ɓoye rauninsa ba. Yana ƙaunar talakawa, amma bai yarda a faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a ba. Abokan hamayya kuma sun riƙa yi masa gori da halin da manoman gandun mahaifinsa a Dorset suke ciki, gorin kuwa yana da tushe. Da ya gaji sarautar a 1851 ya tarar da gidajensu a lalace, ga bashi. Ya sayar da wasu kayan gado ya soma gyara, amma bashin bai sake shi ba.

A 1830 ya auri Emily Cowper, suka haifi 'ya'ya goma. Huɗu sun riga shi, matar kuma ta rasu a 1872. Shi ya rasu ranar 1 ga Oktoba 1885. Da aka kai gawarsa majami'ar Westminster don sujada, talakawan Landan suka cika tituna, sa'an nan aka binne shi a ƙauyensu na Wimborne St Giles. Babban ɗansa ya gaje shi, amma bayan wata shida ya kashe kansa, sarautar ta koma kan jikansa ɗan shekara 16, wanda ya riƙe ta har 1961. Na goma sha biyu a jerin ya hau a 2005.