Mahalanobis: Masanin da ya auna Indiya da samfuri

A ranar 29 ga watan Yunin kowace shekara ne ƙasar Indiya ke bikin ranar ƙididdiga ta ƙasa, domin tunawa da Farfesa Prasanta Chandra Mahalanobis, wanda aka haifa a rana irin ta a shekarar 1893 a birnin Kalkata.

Mahalanobis bai taɓa tsayawa takara ba, amma kusan duk wani adadi da gwamnatin Indiya ta dogara da shi bayan samun 'yancin kai, game da abin da talakawa ke ci ko abin da gonaki ke samarwa, yana da nasaba da aikinsa. Tambayar da ya shafe rayuwarsa yana neman amsarta ita ce, idan ba za a iya tambayar kowa da kowa ba, to su wa za a tambaya, kuma ta yaya za a zaɓo su?

Daga fiziks zuwa ƙididdiga

Mahalanobis ya tashi ne a gidan 'yan boko da ke da kusanci da dangin shahararren marubucin nan Rabindranath Tagore. Ya sami digirinsa na farko a fannin kimiyyar fiziks a Kwalejin Presidency da ke Kalkata a shekarar 1912, sannan a 1913 ya tafi Ingila, inda ya shiga Kwalejin King's ta Jami'ar Cambridge.

Gab da komawarsa gida a 1915 ne wani malaminsa ya nuna masa mujallar Biometrika, wadda ke wallafa bincike kan ilimin ƙididdiga. Abin ya ba shi sha'awa har ya sayi kundayenta baki ɗaya, ya riƙa karantawa a cikin jirgin ruwa. Da ya isa Kalkata sai ya kama koyar da fiziks, yana kuma nazarin ƙididdiga a lokacin da ya samu sarari.

A shekarun 1920 ya yi nazarin alƙaluman ruwan sama da ambaliya a yankunan Bengal da Orissa. A watan Disamban 1931 kuma shi da wasu abokan aikinsa suka kafa Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya, wadda ta fara a wani ɗaki na Kwalejin Presidency. A 1936 ya gabatar da wata hanyar auna bambanci tsakanin rukunoni, wadda har yau masana ke kira da sunansa.

Gwajin gonakin rama

Aikin da ya fito da shi fili ya faro ne a 1937. A wancan lokaci arzikin lardin Bengal ya ta'allaƙa ne a kan noman jut, wato irin ramar da ake saƙa buhunan algarara da ita. Farashinta ya danganta ne da yawan abin da aka noma, amma babu wanda ya san yawan da tabbaci, domin gonakin ƙanana ne, miliyoyi, a warwatse cikin ƙauyukan da ke da wuyar shiga da damina.

Hanyar da hukuma ta saba da ita ita ce a bi gona-gona a rubuta abin da aka shuka. Mahalanobis ya kawo shawarar a bar wannan, a duba wani ɗan kaso kawai. Jami'ai da dama sun ɗauki shawarar a matsayin ganganci, domin a ganinsu wanda ya duba duka dole ne ya fi wanda ya duba kaɗan sanin gaskiya.

Hujjarsa ita ce, mai sayen hatsi ba sai ya zazzage buhu duka ba kafin ya san ingancinsa. Sai dai idan ya tsaya ga abin da mai sayarwa ya ɗebo masa daga sama, to zai iya cutuwa. Haka ma idan aka bar ma'aikaci ya zaɓi gonar da zai duba, zai karkata ne ga wadda ke bakin hanya ko wadda ta fi kyan gani. Saboda haka dole ne a cire hannun ɗan Adam daga zaɓen, a bar wa ƙuri'a.

Abin da ya yi shi ne, ya rarraba lardin shiyya-shiyya, sannan a kowace shiyya aka yi amfani da jadawalin lambobin ƙuri'a wajen fitar da ƙananan filaye a kan taswira. Duk inda ƙuri'a ta faɗa, nan ma'aikaci zai je, ko da fadama ce mai nisa. Ya fara ne da ƙaramin gwaji domin ya gano girman filin da ya dace da kuma kuɗin da kowanne zai ci, yana faɗaɗawa shekara-shekara, har a 1941 aikin ya game yankin noman ramar baki ɗaya.

A tsakiyar shekarun 1940 aka sami damar kwatanta hanyoyin biyu da alƙaluman 'yan kasuwa na ainihin ramar da ta fito. Ƙiyasin samfurin ya kauce da ƙasa da kashi 1 cikin 100, yayin da ƙidayar gona-gona ta gaza da kimanin kashi 16 cikin 100, alhali kuwa ta ci kuɗi ninki goma.

Dalili kuwa shi ne, ƙidayar duka tana bukatar dubban ma'aikata waɗanda ba za a iya horar da su ko sa musu ido yadda ya kamata ba. Samfuri kuwa 'yan ƙalilan yake bukata, ana iya koyar da su, a kuma bi diddigin aikinsu.

Ya ma ƙirƙiro dabarar bin diddigin. Sai a raba samfurin gida biyu ko fiye, kowane kaso ya game yankin duka, a ba wa ayarin ma'aikata daban-daban waɗanda ba sa aiki tare. Idan sakamakonsu ya zo kusa da juna, hankali ya kwanta. Idan kuwa ya yi hannun riga, to an san akwai kuskure daga ma'aikata, sai a bincika.

Yunwar Bengal

A 1943 mummunar yunwa ta auka wa Bengal, inda aka ƙiyasta cewa mutane tsakanin miliyan biyu zuwa uku sun rasa rayukansu. A nan ne ta bayyana cewa rashin sanin yawan abincin da ke ƙasa, da kuma waɗanda ba su da halin saye, lamari ne na rai da mutuwa.

Bayan yunwar, Mahalanobis da abokan aikinsa sun gudanar da bincike a kan iyalai kusan 16,000 a ƙauyuka 386. Binciken ya nuna yadda iyalai suka sayar da gonaki suka kuma rasa shanun noma, da yadda bala'in ya fi tsananta a kan 'yan ƙwadagon gona da masunta. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya yi amfani da waɗannan alƙaluma a littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa.

A 1945 aka zaɓi Mahalanobis a matsayin mamba na Royal Society ta Birtaniya, kuma daga 1947 zuwa 1951 ya shugabanci ƙaramin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ɗaukar samfuri.

Bayan 'yancin kai

A 1949 gwamnatin Firayim Minista Jawaharlal Nehru ta naɗa shi mai ba ta shawara kan ƙididdiga. A 1950 aka ƙaddamar da shirin binciken samfuri na ƙasa baki ɗaya, wanda zagayensa na farko ya shafi ƙauyuka 1,833 daga cikin sama da rabin miliyan da ke ƙasar. Ma'aikata sun shiga gidaje suna tambayar abin da aka kashe kan abinci da sutura, kuma irin waɗannan bayanai ne suka zama ma'aunin talauci a Indiya na tsawon shekaru da dama.

Sai dai bai tsira daga suka ba. Masana irin su P. V. Sukhatme da V. G. Panse sun yi jayayya da shi kan yadda ake auna amfanin gona. Shi ya fi son a girbe ɗan ƙaramin da'ira a cikin gona ta hannun ma'aikata na musamman, su kuwa suna ganin ƙaramin fili kan sa ƙiyasi ya zarce gaskiya, don haka suka fi son fili mai faɗi da amfani da jami'an da ke ƙauyukan.

Haka kuma shirin raya ƙasa na shekaru biyar karo na biyu, daga 1956 zuwa 1961, wanda aka gina bisa tsarinsa, ya fifita manyan masana'antu irin na ƙarafa. Masu suka sun ce shirin bai ba aikin gona kulawar da ta dace ba, kuma ƙasar ta fuskanci ƙarancin kuɗaɗen waje da na abinci a shekarun da suka biyo baya.

Amma a fagen samfuri ra'ayinsa ne ya yi rinjaye. Binciken gidaje da ake yi a ƙasashe masu tasowa kan lafiya da ilimi da talauci, galibinsu na bin ƙa'idojin da ya gwada a gonakin Bengal ne: a raba ƙasa shiyya-shiyya, a fitar da ƙauyuka da gidaje ta hanyar ƙuri'a, a fara da gwaji, sannan a binciki masu binciken.

An ba shi lambar girmamawa ta Padma Vibhushan a 1968. Ya rasu a Kalkata a ranar 28 ga watan Yunin 1972, ana saura kwana ɗaya ya cika shekara 79 da haihuwa.