Polikarp Na Samirna: Ya Yi Wa Sarki Addu'a, Ya Ƙi Yi Masa Sujada

A cikin Ru'ya ta Yohanna, sura 2, akwai wasiƙar da Ubangiji ya aika wa ekklesiyar Samirna, inda ya sanar da su tun da wuri wahalar da ke tafe. A wannan wata muna so mu ba masu karatu labarin wani dattijo wanda ya yi kiwon wannan ekklesiya shekaru da yawa. Sunansa Polikarp. Samirna babban birni ne a bakin teku cikin ƙasar Asiya. Yau ana ce da shi Izmir, yana cikin ƙasar Turkiyya.

An haifi Polikarp wajen shekara ta 69 bayan haihuwar Almasihu. Yana saurayi ya ji koyarwa daga bakin Manzo Yohanna da waɗansu waɗanda suka ga Ubangiji da idonsu. Wanda ya shaida mana wannan Irenayus ne, bishop na Liyon a ƙasar da ake kira Faransa yanzu. Shi kuwa tun yana yaro ya saurari Polikarp, har ya manyanta bai manta da inda tsohon yakan zauna yana koyarwa ba.

A zamanin nan Romawa ke mulki. Mutanen Samirna kuwa suna alfahari da biyayyarsu ga Roma. A shekara ta 26 birane 11 na Asiya suka yi gasar neman izinin gina wa Kaisar Tibariyas haikali, Samirna ce ta samu. Aka maishe da sarki abin sujada, ana ƙona turare a gaban siffarsa, ana kiransa Ubangiji. Masu bi suna biyan haraji, suna kiyaye doka, amma wannan abu ɗaya ba su yarda da shi ba. Domin haka aka ɗauke su maƙiyan ƙasa. Da yake ba su da gunki, har aka riƙa ce da su marasa allah.

A kwanakin Kaisar Tarajan aka kama Ignatiyus, bishop na Antakiya, aka tasa shi zuwa Roma a ɗaure domin a jefa shi ga namomin jeji. Da aka biyo da shi ta Samirna, Polikarp ya karɓe shi, ya ƙarfafa shi. Bayan wannan Polikarp ya rubuta wa ekklesiyar Filibi wasiƙa, tana nan har yau. Wajen ƙarshenta ya gargaɗe su su yi addu'a domin sarakuna da masu iko da hakimai, da masu tsananta musu da masu ƙinsu. Bari mu lura da wannan da kyau. Mulkin da ya ce a yi wa addu'a shi ne mulkin da ya sa wa abokinsa sarƙa. Koyarwar ba tasa ba ce, gama haka Bulus ya umarta a 1 Timotawus 2:1-2, haka kuma Irmiya ya rubuta wa bayin da ke Babila a Irmiya 29:7.

Polikarp mutumin salama ne. Cikin tsufansa ya tafi Roma wurin bishop Anisetus domin su daidaita a kan ranar kiyaye idin tashin Ubangiji. Ba wanda ya rinjayi ɗan'uwansa, duk da haka suka ci Jibin Ubangiji tare, suka rabu lafiya.

Wajen shekara ta 155 tsanani ya tashi a Samirna a lokacin wasannin gari. Aka kashe waɗansu masu bi a filin wasa, taron jama'a kuwa suka yi ta ihu a nemo Polikarp. Shi dai ya so ya zauna a gari, amma 'yan'uwa suka lallashe shi ya fita zuwa wata gona kusa da birni. Can ya zauna dare da rana ba ya yin kome sai addu'a domin dukan mutane da ekklesiyoyin duniya, kamar yadda ya saba. Da aka matsa nema ya koma wata gona. Sai aka kama bayi biyu, aka gana wa ɗaya azaba har ya nuna wurin.

Ran Jumma'a da yamma dakarai da mahaya dawakai suka zo da makamai, sai ka ce ɗan fashi za su kama. Suka tarar da tsoho a ɗakin bene. Ya sauko, ya gaishe su, ya sa a kawo musu abinci da abin sha iyakar abin da suke so. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi sa'a guda ya yi addu'a. Ya tsaya yana addu'a har sa'a biyu, yana ambaton duk wanda ya taɓa saduwa da shi, babba da yaro, sananne da wanda ba a san shi ba. Da yawa cikin masu kamun suka yi da-na-sanin zuwansu.

Aka ɗora shi a kan jaki zuwa birni. A hanya shugaban dakarai, mai suna Hirudus, da ubansa suka ɗauke shi cikin karusarsu, suna lallashinsa, wai ina laifin ya kira Kaisar Ubangiji, ya ƙona turare kaɗan, ya tsira da ransa. Da ya ƙi, suka turo shi ƙasa har ya ƙuje a ƙwauri. Bai kula ba, ya ci gaba da tafiya.

A filin wasa gwamna ya ce masa ya dubi tsufansa, ya rantse da sa'ar Kaisar, ya zagi Almasihu, a sake shi. Polikarp ya amsa cewa shekara 86 ke nan yana bauta wa Almasihu, bai taɓa yi masa laifi ba, ba shi kuwa da bakin da zai saɓi Sarkin da ya cece shi. Bai raina gwamna ba, bai yi masa baƙar magana ba. Ya ma ce idan gwamna yana so, ya sa rana ya bayyana masa koyarwar Kirista, gama an koya wa masu bi su ba masu mulki girman da ya dace da su, muddin ba zai ɓata bangaskiya ba. Aka yi masa kurari da namomin jeji, aka yi masa da wuta, bai jijjigu ba.

Jama'a suka kwaso itace daga shaguna da gidajen wanka. Aka so a kafa shi da ƙusoshi, ya ce a bar shi haka, Allah zai ba shi ikon tsayawa. Sai aka ɗaure shi kawai. Ya yi godiya ga Allah, aka cinna wuta. Da wutar ba ta gama da shi ba, aka soke shi da wuƙa. Ekklesiyar Samirna ce ta rubuta labarin duka, ta aika wa 'yan'uwa.

'Yan'uwa, tarko biyu ne a gabanmu. Waɗansunmu, idan shugaba ba namu ba ne, ko ba mai bi ba ne, ko hukuncinsa ya ƙuntata mana, sai mu daina yi masa addu'a, mu koma gunaguni a kasuwa da ƙofar gida. Waɗansu kuma saboda tsoro ko neman abin duniya sukan yarda da kowane abu da mai iko ya ce, ko da ya saɓa wa Maganar Allah. Polikarp bai fāɗa cikin ko ɗaya ba. Ya ba Kaisar addu'a da ladabi, sujada kuwa ya ajiye wa Almasihu kaɗai.

Saboda haka muna roƙon kowace ekklesiya, a sujadar Lahadi da taron addu'a na tsakiyar mako, da kowane maigida a addu'ar iyali, a riƙa ambaton shugaban ƙasa, da gwamna, da sarki, da hakimi, da dagaci, da alƙalai. Mu roƙa musu hikima da adalci da tsoron Allah, da ceton rayukansu, domin ƙasarmu ta zauna lafiya, bishara kuma ta sami hanya. Allah ya ba mu zuciya irin ta bawansa Polikarp. Amin.